Yadda ɗalibin tuƙin jirgi zai riƙe layin tsakiyar titin tashi ranar da ya tashi shi kaɗai

Gidana a Agege yake, inda jiragen da za su sauka Ikeja ke bi ta saman rufinmu dare da rana. Kwanakin baya bayan sallar isha'i ɗan maƙwabcina, wanda mahaifinsa ke harkar shanu a Oko-Oba, ya zo gaishe ni. Hutu ya dawo daga makarantar koyon tuƙin jirgi. Ya zauna a bakin tabarma ya yi jugum, sai can ya ce, "Kawu, akwai abin da ban faɗa wa Baba ba. Ranar da na tashi ni kaɗai karo na biyu, ina tura totur sai jirgin ya kwashe ni ya yi hagu. Na murɗa sitiyari dama, ko gezau. Sai da na hango ciyawar bakin titi ta tagar gefe sannan ya ɗaga."

Na ce, "Ɗana, ƙafarka ta dama tana ina a lokacin?" Ya yi shiru. Na ce, "Hannunka na dama fa?" Ya ce, "Yana kan totur, Kawu." Na ce, "To me ya hana ka jawo shi baya?" Ya ce wallahi tunanin ma bai zo masa ba.

Wannan amsa tasa ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa ni, da na taɓa koyon tuƙin jirgi, na zauna na rubuta wannan jagora don yaranmu da ke karatu a Zariya ko Ilorin, da waɗanda iyaye suka tura Afirka ta Kudu ko Amurka. Ba zai maye gurbin malaminka ko littafin jirginka ba. Inda maganata ta saɓa da tasu, bi tasu.

Me ke jan jirgin hagu

A yawancin ƙananan jiragen koyo, irin su Cessna 152 da 172, farfela tana juyawa ne irin juyin agogo in kana kallonta daga kujerar matuƙi. Wannan juyi yana haifar da abubuwa uku da kusan lokaci guda suke taso maka. Injin na murɗa farfela dama, ita kuma gangar jirgin sai ta so murɗawa hagu, nauyi ya ƙaru a kan tayar hagu, ita kuwa ta ƙara kama ƙasa. Iskar da farfela ke turowa baya ba miƙe take zuwa ba, naɗe jirgin take yi kamar rawani, ta je ta bugi wutsiya ta gefen hagu, wutsiya ta yi dama, hanci ya yi hagu. Sannan da zarar ka ɗaga hanci, reshen farfela mai gangarowa, wanda ke dama, ya fi mai hawa cizon iska, sai ya ƙara tura hancin hagu. Dukkansu sun fi ƙarfi a lokacin da wuta ta cika amma gudu bai kai ba, wato daidai daƙiƙun farko na tashi, lokacin da filafilin wutsiya, wanda matuƙa ke kira roda, bai samu isasshiyar iskar da zai yi aiki da ita ba.

Maganinsu ɗaya ne, ƙafar dama a kan feda, wato abin takawar da ke juya roda. Matsalar ita ce jikinka bai yarda da haka ba. Wanda ya yi shekaru yana tuƙa mota a cunkoson titin Ikorodu, hannunsa ne ke amsawa kafin kansa ya yi tunani. A ƙasa kuwa sitiyarin jirgi ba ya juya taya ko kaɗan, ƴan fikafikan da ke bakin manyan fikafikai kawai yake motsawa.

Ranar solo kuma, wato ranar da ɗalibi ke tashi shi kaɗai, abubuwa uku sun fita daga jirgin tare da malam. Nauyinsa ya fita, jirgi ya yi sakayau, ya fi saurin ɗaukar gudu, ya fi saurin barin ƙasa, komai ya zo maka da wuri fiye da yadda ka saba. Muryarsa ta fita, mai ce maka "ƙafar dama, ƙafar dama". Na ukun shi ya fi damuna: ƙafafunsa sun fita. Malamai da yawa suna ɗan danna feda ba tare da sun sani ba, saboda jikinsu ya saba, ɗalibi kuma ya ɗauka shi ke riƙe da layin. Kafin a sake ka, roƙi malaminka ya janye ƙafafunsa ya ajiye su a daɓen jirgi, ka gani da idonka, a tashi uku ko huɗu a jere.

Matakin farko: lissafin iska tun kana ƙasa

Bari in yi misali da filin da duk mun sani. Titunan tashi biyu na filin jirgin Murtala Muhammed lambarsu 18 in ka fuskanci kudu, 36 in ka fuskanci arewa. Mafi yawan shekara iskar Legas daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku. A ce rahoton yanayi ya ba ka iska daga digiri 230 da ƙarfin not 12 (not shi ne ma'aunin gudun iska da na jirgi). Titi 18 digiri 180 ne, bambanci 50 ke nan, daga damanka. Yi amfani da fuskar agogo, ka ɗauki digiri kamar minti: bambancin digiri 15 yana ba ka rubu'in iskar a gefe, 30 rabi, 45 kashi uku cikin huɗu, daga 60 zuwa sama kuwa ɗauke ta gaba ɗaya. Don haka a misalinmu kana da iskar gefe wajen not 9. In rahoton ya ce tana fizgowa har not 18, da 18 ɗin za ka yi lissafi, sai ka samu kusan 14. Littafin Cessna 172 ya nuna an gwada shi a iskar gefe ta not 15, na 152 kuwa not 12, kuma ƙwararrun matuƙan gwaji ne suka yi. Iyakar da malaminka ya sa maka ta solo ƙasa take da wannan nesa, kuma ita ce taka.

Gefen da iskar ta fito yana da muhimmanci ƙwarai. Jirgi a ƙasa kamar tuta yake, iska na bugun wutsiya sai hanci ya juya ya fuskance ta. In daga dama take, tana rage maka jan hagun nan, wani lokaci ma ta fi shi ƙarfi har ka buƙaci ƙafar hagu. In daga hagu take, sun haɗu ke nan sun yi maka taron dangi, kuma irin wannan rana ce ɗalibai suka fi barin titi. Not 8 daga hagu ba daidai yake da not 8 daga dama ba.

Dubi safar iska, wato ƙyallen nan mai kama da safa da ke kan sanda a gefen titi, da idonka kafin ka shiga titi, kada ka tsaya ga abin da hasumiya, wato masu ba jirage izinin tashi da sauka, ta faɗa minti goma da suka wuce. Yawancinsu an ɗinka su ne su miƙe sosai a not 15. In tana miƙewa tana faɗuwa tana kaɗawa nan da can, ranar ba ta solo ba ce, ko da alƙaluman sun yi kyau. A lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan haɗiye ƙarshen titi, ya ɗauke maka wurin da ya kamata ka kafa ido. Za ka ga amfanin wannan a gaba.

Mataki na biyu: kujera, takalmi, taya

Wannan gajere ne amma kada ka raina shi. A Cessna kujera kan dogo take tafiya, kuma an sha samun haɗari inda ta zame baya lokacin da jirgi ya ɗauki gudu, matuƙi ya rasa feda, ya kuma jawo sitiyari da shi. Bayan ka kulle ta, dafa ƙafa ka tura jikinka baya da ƙarfi sau biyu. Tabbatar kana iya danna kowace feda har ƙarshe ba tare da ka miƙe gwiwa sarai ba. In kana sa matashin zama ranar koyo, sa shi ranar solo, don tsayin idonka kada ya sauya. A Diamond DA40 kujerar a kafe take, fedojin ake matsowa, sai ka tabbatar sun kullu.

Takalmi mai siririn tafi, wanda za ka ji feda ta cikinsa. Ba silifas ba, ba babban but ba. A zagayen duba jirgi, tsuguna ka dubi tayoyi, domin taya ɗaya mai ƙarancin iska tana ja gefenta. Wajen gangarawa titi, saki birki ka ga ko jirgin na tafiya miƙe da kansa. In yana ja gefe guda babu dalili, wataƙila birki ɗaya yana kamawa, koma ka kira injiniya.

Mataki na uku: yanke shawarar tsayawa kafin ka fara

Nan ne zuciyar maganar. Yaron nan hannunsa na kan totur, amma bai ja ba, saboda a ransa tashi ya riga ya zama dole. Cikin daƙiƙa biyu ko uku ƙwaƙwalwar da ta firgita ba ta ƙirƙiro sabuwar dabara, abin da aka ajiye mata kawai take ɗauka. Don haka a layin jira, kafin ka kira hasumiya, faɗa da bakinka da ƙarfi ko da babu kowa a gefenka: "Iska daga dama, not kaza. In layin tsakiya ya fita daga tsakanin tayoyina kuma bai dawo da dannawa ɗaya ba, zan rufe totur in tsaya. In injin bai ba da cikakkiyar wuta ba, zan tsaya. In allurar gudu ba ta motsa ba, zan tsaya."

Zaɓi alama a gefen titi, kamar mahaɗar wata hanya ko safar iska, wadda in ka wuce ta ba ka kai gudun da ya dace ba za ka haƙura. Akwai ƙa'idar da matuƙa ke amfani da ita: in ka cinye rabin titi ba ka kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, tsaya. Ga jirgin da ke ɗaga hanci a not 55, wannan ya kama wajen not 39. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban san inda karin maganar nan ya fi zama daram kamar bakin titin jirgi ba. Babu malamin kirki da zai yi maka faɗa don ka fasa tashi.

In babban jirgi ya tashi gabanka, jira aƙalla minti biyu, uku in daga tsakiyar titi za ka fara. Guguwar da fikafikansa suka bari tana iya juya ƙaramin jirgi. Haka in helikwafta na shawagi kusa. Kana da ikon ce wa hasumiya ba ka shirya ba.

Mataki na huɗu: daidaita kan layi

Kada ka shigo titi da kwana ka tura wuta kai tsaye. Hau layin, bar jirgin ya gangara gaba mita kaɗan har tayar gaba ta miƙe, sannan dubi kamfas ka ga ya yi daidai da lambar titi.

Akwai wata yaudarar ido da ke kama kusan kowane ɗalibi. Kai a hagu kake zaune, ba a tsakiya ba. In ka auna layin ta kan tsinin hancin jirgi, idonka ya karkata dama ke nan, kuma don ka daidaita shi da titi sai ka juya jirgin hagu ba ka sani ba. Ka fara gudu hancinka ya riga ya nufi ciyawa. Auna ta gabanka tsaf, ta saman sitiyarinka, ka bar farin layin ya shige ƙarƙashin gwiwarka ta dama. Wasu ɗalibai sukan haddace wata ƙusa ko tabo a murfin injin da ke daidai gabansu, dabara ce mai kyau.

Yanzu sauke dugaduganka kan daɓe, tafin ƙafa a ƙasan feda. A waɗannan jirage saman feda birki ne. In ƙafarka ta hau sama, duk dannawar da ka yi don gyara hanya birki kake takawa a taya ɗaya, kuma da gudu wannan na iya wujijjiga jirgi nan take. DA40 yana da nasa hali: tayar gabansa sakakkiya ce, ba a haɗe take da feda ba, don haka a farkon gudu kana iya buƙatar ɗan taɓa birkin dama har roda ta kama iska. Taɓawa, ba takawa ba, kuma da zarar roda ta fara amsawa dugadugai su koma ƙasa.

Mataki na biyar: wuta, ƙafa, ido

Tura totur a natse, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, ba bugu ɗaya ba. Ƙafar dama ta shiga tare da hannun, kamar igiya ɗaya ta ɗaure su. Kada ka jira jirgi ya karkace sannan ka gyara, ka riga ka san zai yi. Hannun kuma ya zauna kan totur har ka yi nisa a sama.

Kafa ido can ƙarshen titi. Wanda ke kallon layin da ke ƙarƙashin hanci ba ya ganin karkata sai ta girma, kamar mai keke da ke kallon tayar gabansa. Daga nesa kuwa, hanci na motsawa kaɗan za ka gani. Agogunan injin da na gudu, kallo ɗaya na ƙiftawar ido ya isa, ka mayar da ido waje.

Gyara ya zama ƙarami kuma da wuri: danna, ka ga hanci ya tsaya, ka sassauta. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya makara, ya taka dama da ƙarfi, jirgi ya wuce layi, ya taka hagu da ƙarfin da ya fi na farko, kowace lanƙwasa ta fi ta baya faɗi. In ka ɗan kauce, fara tsayar da karkatar ka yi tafiya daidai da layin, sannan ka koma kansa a hankali in akwai hali. Tashi a ɗan hagun layi jirgi na miƙe ya fi kokawar komawa tsakiya. Ka kuma tuna roda tana ƙara kaifi yayin da gudu ke ƙaruwa, dannawar da ta yi daidai a not 20 ta yi yawa a not 45.

Sitiyari kuma yana da nasa aikin. In akwai iskar gefe, fara gudu da shi a murɗe gaba ɗaya wajen da iskar ke fitowa, don kada ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, sannan ka riƙa warwarewa yayin da gudu ke hawa. Kada ka danna shi gaba wai don ka manna jirgi da ƙasa. Yin haka yana kwashe nauyi daga manyan tayoyi ya ɗora wa tayar gaba, jirgi ya koma baro, kuma duk wanda ya taɓa tura baro da gudu a kasuwar Mile 12 ya san yadda yake kufcewa. Tirim, wato na'urar da ke rage wa hannu nauyin sitiyari, ya kasance a alamar tashi. A Cessna 172 ana ɗaga hanci a wajen not 55, a 152 wajen not 50, kuma daidai lokacin ɗagawar ƙara ƙafar dama, domin nan reshen farfela ke ƙara nasa jan.

In ya riga ya kwace

Tayoyi na ƙasa, hanci ya nufi gefe, dannawa ɗaya ba ta dawo da shi ba: rufe totur gaba ɗaya, nan take. Mafi yawan ƙarfin da ke jan ka hagu daga injin yake, kana rufewa ya tafi. Riƙe hanya da feda, taka birki biyu daidai wa daida, jawo sitiyari baya don nauyi ya zauna kan manyan tayoyi, ka bar shi a murɗe wajen iska. In ka ga ba makawa sai ka shiga ciyawa, shiga a miƙe kana rage gudu, kada ka yi kwanar ƙarfi da za ta kafa fiffike a ƙasa, kuma in akwai abin da za ka buga a gaba kashe injin. Rediyo shi ne na ƙarshe, bayan ka tsaya. Gudu in ya ninka biyu, ƙarfin karo ninki huɗu yake yi, shi ya sa daƙiƙa biyu na jinkiri ke raba wanda ya fasa fitilar gefen titi da wanda ya karya jirgi.

Abin da yaron nan ya yi, wato barin wuta a cike yana fatan jirgi ya ɗaga kafin ciyawa, Allah ne kawai ya kiyaye. Mafi muni shi ne fizgo jirgi sama kafin ya kai gudunsa. Zai ɗaga, amma hanci a sama, gudu kaɗan, jan hagu a ƙarshen ƙarfinsa, fiffiken hagu na iya faɗuwa a tsayin da babu damar gyara. In kuwa ka riga ka bar ƙasa da isasshen gudu sannan iska ta tura ka gefe, kada ka dawo da shi ƙasa da ƙarfi. Sassauta hanci kaɗan, ƙafar dama har ƙwallon ma'aunin da ke nuna ko jirgi na zamewa gefe ya zauna tsakiya, bar gudu ya taru, sannan ka ɗan juya hanci cikin iska ka bi saman titi.

Ni kaina a saukar taɓa-ka-tashi, wadda ake taɓa ƙasa a sake tashi ba tare da tsayawa ba, abin ya same ni, a solo na uku, a wata makaranta da ba zan ambata ba. Na taɓa ƙasa lafiya, na sunkuyar da kai ina neman maɓallin filaf, ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka, hannuna kuwa ya riga ya tura wuta. Da na ɗago, layin tsakiya yana can damana. Na rufe totur, jirgin ya tsaya tayar hagu a kan tsakuwar gefe, gwiwoyina na kaɗawa har na kasa taka birki da kyau. Tun ranar nake bin tsari guda: jirgi ya miƙe kan layi tukuna, hannu ya lalubi filaf ido na waje, sannan wuta. In makarantarka ta ba da zaɓi, a solo na farko-farko yi cikakkiyar tsayawa ka koma farkon titi.

Damina kuma tana da nata. Ruwan Yuni a Legas yakan kwanta a kan kwalta, taya ta hau kansa ta daina kama ƙasa. Tayar da ke da iska fam 36 tana iya fara wannan sulɓi a wajen not 54, daidai gudun ɗaga hanci. Fentin layin tsakiya ma ya fi kwalta santsi in ya jiƙe. Ɗalibi ba shi da abin yi a kan titin da ruwa ya kwanta, musamman in hadari na kusa, domin iskar gabansa tana juyawa cikin minti ɗaya.

Kafin yaron ya tafi na sa ya yi mini alkawarin abu uku. Zai faɗa wa malaminsa abin da ya faru, ya kuma rubuta a rahoton makaranta, don a duba birki da tayar jirgin ko da laifin ba nasu ba ne. Zai roƙi a yi masa atisayen gudu a kan titi ba tare da tashi ba, a kai not 30 ko 35 a rufe wuta a tsaya, sau biyar ko fiye, har hannunsa ya san hanyar baya kamar yadda ya san ta gaba. Zai kuma nemi a fita da shi ranar da iska ke zuwa daga hagu, malam na gefe, ƙafafunsa a daɓe. Ya ce, "In sha Allahu, Kawu." Na raka shi bakin ƙofa, wani jirgi na gangarowa ta samanmu fitilunsa a kunne, muka tsaya har ya wuce sannan ya yi mini sai da safe.